Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Likitanci Binciken Lafiya Tare da Ƙungiyoyin Ƙauye

Duk malamin da ya taɓa raka ɗaliban likitanci aikin ƙauye ya san yadda abin yake kasancewa idan aka bar shi a kan yadda aka saba. Mota takan tsaya a ƙofar gidan dagaci da hantsi, samari da 'yan mata su firfito cikin fararen riguna, kowa da damin takardun tambayoyi da aka tsara da Turanci a birni, a rarraba su unguwa-unguwa, kafin La'asar an cike takardu an kama hanya. Bayan wata biyu sai a ɗinke rahoto a jera shi a kanta, mutanen da aka shiga gidajensu kuwa ba su ƙara jin ɗuriyar kowa ba. Na daɗe ina cikin masu yin haka, har ranar da wani dattijo a wani ƙauye da ke kudancin Kano ya tare ni a zaure, ya tuna mini cewa bara an zo an ƙirga su, bara waccan ma an ƙirga su, sannan ya tambaye ni abin da lissafin ya nuna. Ban sami abin da zan faɗa masa ba, domin ni kaina ban san inda rahoton baran ya shige ba.

Abin da ke biye shawara ce ga malamin da ke fita da ɗalibai a ƙauyukan Kano da Jigawa, kuma jigonta shi ne a tsara aikin ta yadda tambayar binciken za ta fito daga bakin mutanen garin, su kasance cikin masu tattara bayanan, sakamakon kuma ya koma hannunsu kafin ya je gaban masu jarrabawa.

Darasin da ake yi kafin a hau mota

Ɗalibin da aka haifa bayan shekarar 2000 bai san dalilin da ya sa uwa a ƙauye take ɓoye ɗanta idan ta ga baƙo da kwalba da allura ba, sai ya ɗauka jahilci ne. Wajibi ne malami ya ware zama guda ya ba su tarihin. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin sun rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka shafe shekaru ana shari'a har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan tabon yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su, kuma ko da aka dawo da rigakafin a 2004, sai da aka jawo sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida sannan aka shawo kan lamarin, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ɗalibin da ya san wannan tarihi ba zai fusata ba idan aka tambaye shi inda za a kai fitsarin yaro.

A wannan zaman ne kuma ake nuna musu cewa Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa tun 2007, kuma babu binciken da ya shafi ɗan Adam da zai fara ba tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ba, ko da na ɗalibi ne. Akwai irin wannan kwamiti a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma a ma'aikatun lafiya na jiha. Takardar neman amincewar takan ɗauki lokaci, saboda haka malami ya shigar da ita da wuri, ya bar wa kansa damar sanar da kwamitin gyaran da mutanen gari za su kawo.

Izini daban, abokin aiki daban

Hanyar shiga gari sananniya ce, kuma ba a tsallake ta: sashen lafiya na ƙaramar hukuma, sannan hakimi, shi ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni, a kuma gaida limamin Juma'a. Malami ya fara zuwa shi kaɗai ko da ɗalibai biyu, makonni kafin ranar aiki. A koya wa ɗalibai abin da wasunsu ba su taɓa yi ba, musamman waɗanda suka tashi a makarantun kwana na birni, wato cire takalmi a bakin shimfiɗa, durƙusawa, cewa "Ranka ya daɗe" ga hakimi da "Allah ya gafarta Malam" ga liman, da haƙurin barin gaisuwa ta ƙare kafin a kawo abin da ke tafe da mutum.

Sai dai kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa da zarar dagaci ya sa albarka an gama haɗin gwiwa da al'umma. Abin da dagaci ya bayar izini ne. Abokin aiki kuwa ƙungiya ce da take zama tun kafin ku zo, kuma za ta ci gaba da zama bayan kun tafi. A kusan kowace mazaɓa akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibitin matakin farko, wani yana aiki, wani suna ne kawai a takarda. Akwai Islamiyyar matan aure da ake yi da yamma ko da dare, akwai 'yan adashi, akwai ƙungiyar manoman rani da ke raba ruwa, akwai direbobin tasha waɗanda a Jigawa suka daɗe suna ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti cikin dare, akwai ungozomomi da wanzamai, akwai kuma arɗo idan da ruga a kusa. Ni dai idan aka gabatar mini da ƙungiya, nakan nemi ganin littafin da suke rubuta zamansu, in kuma tambayi aiki guda da suka taɓa yi da kuɗinsu ko da ƙarfinsu, ko da gyaran famfon burtsatse ne. Ƙungiyar da ta tsiro a makon da aka ji labarin baƙi za su zo, alawus take jira, kuma ranar da ta gane babu shi za ta watse.

A zaɓi ƙungiya biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata. Idan aka tsaya a ta maza kaɗai, za a ji labarin hanya da taki da rashin likita, amma ba za a ji labarin jijjiga da zubar jini bayan haihuwa ba.

Inda tambaya take fitowa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne ɗalibai suka fi shan wahala, domin an horar da su su yi tambaya su rubuta amsa, ba a horar da su su yi shiru ba. A zaman farko da ƙungiya, a hana su fito da takardar tambayoyi. Ɗalibi ɗaya ya buɗe magana, ɗaya ya rubuta, sauran su saurara. A roƙi mutanen su lissafo cututtukan da suka fi damunsu a damina, da na rani, da na lokacin sanyi. Bayan an lissafo, a zana kowace cuta a ƙasa da wata alama, a ba kowane mahalarci tsakuwa goma ya rarraba su bisa yadda yake ganin nauyin kowace. Wannan dabarar tana ba wanda bai iya karatu ba da wanda ba ya son magana a gaban manya damar faɗin ra'ayinsa, kuma sau da yawa tulin tsakuwar mata yakan sauka a wani wuri daban da na maza.

Mu ɗauki misalin ƙauyen da ke yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake bi ta magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. A irin wannan wuri, ko a fadamun Hadejia da Auyo, da wuya a yi zama ba a ambaci tsargiya ba. Ɗalibi ya karanta a littafi cewa tsutsar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, tana ratsa fatar mai wanka ko mai aiki a ruwa, ta zauna a jijiyoyin mafitsara, ƙwanta ya riƙa fita a fitsari tare da jini, idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa kuma zagayen ya sake farawa. Abin da bai sani ba shi ne wace kwana ce ta magudanar yara suke taruwa wanka da tsakar rana, su wane ne ke kwana a gona lokacin ban-ruwa, da kuma cewa a wasu gidajen ana ɗaukar jan fitsarin yaro namiji a matsayin alamar girma, ba a kai shi asibiti saboda shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bar manoman su zana taswirar garin a ƙasa da toka da kara, su nuna mashaya da wurin wanki da wurin ninƙaya, ɗalibai su kwafe ta a takarda.

Aikin malami a nan shi ne ya taimaka a mayar da koken jama'a tambayar da za a iya amsawa cikin 'yan makonnin da ake da su. "Tsargiya ta yi mana yawa" koke ne. "Yara nawa cikin ɗari, 'yan shekara biyar zuwa goma sha huɗu, ke da jini a fitsari a garin nan, kuma a wane ruwa suka fi shiga?" tambaya ce. A karanta wa ƙungiyar tambayar da Hausa, a ji ko ita ce abin da suke nufi.

Wani lokaci abin da mutane za su sa a gaba shi ne ruwan sha ko lalacewar hanya, ɗalibai su ce wannan ba likitanci ba ne. Likitanci ne, domin matar da ta kwana tana naƙuda saboda mota ba ta iya shigowa, hanya ce ta jinkirta ta. Abin da ba a yi shi ne alkawari. A faɗa ƙarara tun ranar farko cewa ɗalibai ba su da rijiya ba su da asibiti a aljihu, abin da za su iya bayarwa shi ne hujja a rubuce da ƙungiyar za ta kai gaba, da maganin abin da aka gano idan an tanade shi. A rubuta 'yar yarjejeniya ta shafi ɗaya da Hausa, da ajami idan shi aka fi karantawa, a ambaci wanda zai yi me, kuɗin mota da abincin 'yan rakiya nawa ne, wa zai ajiye bayanan, da ranar da za a dawo da sakamako.

Harshe, da wanda ake mantawa da shi

Jin Hausa bai wadatar ba, domin Hausar asibiti daban take da ta tsakar gida. Kalmar "sanyi" a bakin mace tana iya nufin ƙaiƙayi ko fitar ruwa ko ciwon mara ko ciwon gaɓoɓi. "Basir" ya haɗa abubuwa da yawa da likita zai raba su gida-gida, "shawara" ma haka, "zazzaɓi" kuwa ba kullum ne na cizon sauro ba. Saboda haka a fassara tambayoyin tare da matan ƙungiyar, sannan a ba wani da bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci a ga ko ma'anar ta kauce, a kuma gwada su a wani ƙauye na kusa kafin ranar aiki. Tambayar da ta siffanta abu ta fi wadda ta ambaci sunan cuta, wato "Kin taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa?" ta fi "Yana da tsargiya?"

Akwai kuma alkunya, wadda ta taɓa ɓata mana lissafi gaba ɗaya. Wata ɗaliba ta dawo da takardu, muka ga mata da dama sun faɗi adadin 'ya'ya ƙasa da wanda muka ƙirga a tsakar gida. Sai da ungozomar da ke raka ta ta yi dariya ta bayyana mana cewa ba sa sa ɗan fari a lissafi a gaban baƙo, balle su kama sunansa, kamar yadda ba sa kama sunan mai gida. Waɗanda suka rasu ma ba a ambatarsu sai an tambaya daban, cikin lallami, bayan an yi musu addu'a. Shekarun yaro kuwa da wuya a same su da lamba, sai a haɗa kalandar abubuwan da gari ya sani tare da dattawa: kafin babbar Sallah ko bayanta, lokacin girbin gero, shekarar ambaliyar 2022, ko shekarar rasuwar Sarki Ado Bayero, wato 2014.

Kusan kowane ɗalibi zai zo da lamba 384 a matsayin yawan mutanen da zai tambaya, domin ita ce lissafin yake bayarwa idan aka ɗauka rabin jama'a na da cutar kuma aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100. Lambar ba ta da laifi, amma yadda aka zaɓo mutanen ya fi ta muhimmanci. A zauna da masu unguwanni a jera gidaje, a kuma yarda cewa iyali shi ne masu ci daga tukunya ɗaya, domin gida guda yana iya ƙunsar tukwane biyar. Daga nan a yi ƙuri'a a bainar jama'a, don kada a ce an zaɓi gidan wane an bar na wane. Idan aka tsaya a makarantar firamare saboda sauƙi, an bar almajiran tsangaya da 'yan mata masu talla da yaran ruga, alhali su ne ma suka fi shiga ruwa. Idan aka zo da rani, magidanta da yawa sun tafi ci-rani, idan da damina ne suna gona tun asuba. Ranar kasuwa kuwa gari yakan zama fayau, don haka wanda zai yi aiki kusa da Wudil ya manta da Juma'a, na kusa da Maigatari ya manta da Alhamis, na Dambatta kuma Lahadi.

A cikin gida

Ɗalibai su shiga bibbiyu, kowane biyu da ɗan rakiya daga ƙungiyar. Gidan da ake kulle mata ne kaɗai za su shiga, mazan su tsaya a zaure da mai gida. A nemi izinin mai gida, amma a koya wa ɗaliba cewa izininsa bai zama yardar matarsa ba, sai an yi mata bayani ita ma a keɓe, an gaya mata tana iya ƙi kuma ƙin ba zai hana a duba ta a asibiti ba. Bayanin ya zama gajere, kamar haka: "Inna, mu ɗalibai ne masu koyon likitanci, muna aiki da ƙungiyar matan Islamiyyarku. Muna so mu gwada fitsarin yara don a san yawan tsargiya a garin nan. Ba za mu ɗebi jini ba, ba za mu rubuta sunan ɗanki a rahoto ba, idan mun ga cutar za mu gaya miki a kuma ba shi magani." Wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa a gaban shaida, yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi. A kula da wani abu mai laushi, wato ɗan rakiya maƙwabci ne, saboda haka idan aka zo tambayar da ta shafi sirri, kamar ɓari ko tazarar haihuwa, ya koma gefe. Hoton yara kuwa, a hana ɗauka don sakawa a Facebook ko WhatsApp, hani mai tsanani.

Fitsarin gwajin tsargiya ana karɓarsa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, a gwada da tsinken da ke gano jini a fitsari, a tace mililita 10 a duba a na'urar maikuroskof. A bar shugabannin ƙungiyar su leƙa na'urar su ga ƙwan da idonsu, domin na ga yadda leƙawa ɗaya ta kashe jita-jitar da bayanin awa guda bai kashe ba. Sauran fitsarin a zubar da shi a masai a gabansu. Manhajar KoboToolbox ta cike tambayoyin bincike tana aiki a waya ko babu intanet, amma a tafi da takarda saboda caji.

Kada a fara gwajin da ba a shirya wa sakamakonsa ba. Kafin a karɓi kwalba ɗaya, malami ya tabbata akwai ƙwayar firazikwantel, wato maganin tsargiya, ta hannun jami'in da ke kula da asibitin garin, ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, kuma bayan an ci abinci. Haka nan idan ɗalibi ya auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ya ga bai kai santimita 11.5 ba, wannan tamowa ce mai tsanani, a ajiye takardar tambayoyi a nemi hanyar kai shi inda ake kula da ita a ranar.

Mayar da sakamako

Kowace yamma a zauna rabin awa da 'yan rakiya a duba takardun ranar, domin su ne za su ce wannan amsar ba ta yiwu ba, matar nan kunya ta ji. Idan an gama lissafi, a fara kai shi ga ƙungiyar kafin a rubuta babin rahoto da ke bayanin ma'anar sakamakon. A zuba ƙwayar wake ɗari a faifai, a ware adadin da ke wakiltar yaran da aka samu da cutar, a tambayi mutanen dalilin da ya sa unguwar da ke bakin magudana ta fi sauran. Amsarsu ita ce rabin abin da ɗalibin zai rubuta, kuma ya rubuta cewa daga gare su ya ji. A taron gari ba a ambatar sunan kowa ko gidan kowa, sakamakon mutum ɗaya a kunnensa ake faɗa.

Sannan a taimaka wa ƙungiyar ta rubuta takarda ta shafi ɗaya da sunanta, ta kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hakimi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa raba maganin tsargiya ga jama'a duk shekara a inda cutar ta kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, don haka lambar da ɗalibai suka samo tana iya zama hujjar neman a sa garin cikin rabon.

Ɗalibi yana ba da ƙarfinsa ne a inda maki yake, saboda haka a sa wannan duka cikin maki. Ni nakan ware kaso ga littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya gani kowace rana, kaso ga bayanin sakamako da Hausa a gaban jama'a ba tare da cusa Turanci ba, kaso kuma ga abin da ƙungiyar ta faɗa a kan ladabinsa da cika alkawarinsa, kuma ba na sa hannu a rahoton da ba a mayar wa gari ba. Kwafi ɗaya na taƙaitaccen rahoton da taswirar yana zama a hannun sakataren ƙungiyar, ɗaya a asibitin garin. Ajin da ke biye kuma garin nan za su koma, su fara zamansu na farko da karanta wa mutane abin da aka samu bara, sannan su tambaya ko an kawo maganin, ko yara sun rage shiga kwanar magudanar da aka yi wa alama a taswira.